Kunyar 'Yar Fari

Ni Bafilatana ce, kuma 'yar fari. A gidanmu, can wani ƙauye a gefen Machina, ban taɓa jin sunana daga bakin mahaifiyata ba. Inna "ke" take ce min, idan kuma tana ba wani labarina sai ta ce "wance". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, don kowa a wurinmu haka ya tashi. Ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya idan akwai ido. Kunya ce, kuma a wurinmu kunyar nan ado ce. Na yi boko har na zama malamar firamare a Nguru, kullum safiya ina kiran sunayen 'ya'yan mutane da murya har ajin maƙwabta suna ji, amma da na haifi tawa 'yar farin sai bakina ya kulle kamar yadda na Inna ya kulle. Babu wanda ya ce in yi haka, ni ma ban zauna na yanke shawara ba.

Yarinyar an haife ta ba ta gani. Idanunta fes, manya, masu gashi zara-zara, wanda bai sani ba zai rantse kallonsa take yi. Mun yi ta zaryar asibiti har Kano, daga ƙarshe wani likita ya zaunar da mu ya gaya mana gaskiya cikin mutunci, muka dawo gida. Na yi kukana a bayan ɗaki, na wanke fuska na fito na ɗora tuwo.

Gidan da nake aure gidan Barebari ne, babban gida a Nguru, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Surukata, wadda yaro da babba kowa Kaka yake ce mata, gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin baki, ƙamshin turaren wutarta yana riga ta shiga ɗaki. Saboda wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ba ta taɓa raga min ba. Idan miyata ba ta yi mata ba sai ta ture kwanon ta ce, "Bafilatana, kai dai nono ka sani." A Hausarta mace da namiji duk "kai" ne. Ni kuwa ba damar ramawa, suruka ce, sai in sunkuyar da kai ina dariyata a ciki.

Ranar da aka yaye yarinyar Kaka ta ɗauke ta ta koma da ita ɗakinta, kamar yadda aka saba. A shimfiɗa ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke ci. Ni "Yaya" take ce min, kamar yadda ta ji ƙannen mijina suna kirana, ban kuma gyara mata ba. Ni nake wanke kayanta, ni nake cire mata ƙayar kifi in miƙa wa Kaka ta sa mata a baki, ni nake yi mata kitso. Kitson nan shi ne rabona. Shi kaɗai ne lokacin da zan riƙe kanta a tsakanin gwiwoyina babu mai cewa komai, shi ya sa nake yi mata ƙanana masu cin lokaci, in na ga na kusa gamawa in tsefe ɗaya in ce ya karkace. Kaka ta kan leƙo ta ce wannan Bafilatana dai ba shi da aikin yi.

Kafin ta cika shekara biyar ta san gidan nan fiye da mu masu ido. Tsakar gida ce mai rijiya, da murhu biyu, da kwata, da turken awaki a bayan ɗakin Kaka, amma yarinyar nan da gudu take ratsa ta. Baƙo sai an gaya masa. Ina dawowa daga makaranta da azahar sai in tarar da ita tana jan kunnen wata akuya mai haƙuri, ko tana tsere da yaran gidan, tana kuma cinye su da surutu. Ban taɓa tambayar yadda aka yi ta koya ba. Na ɗauka baiwa ce kawai Allah ya ba ta a madadin ido.

Sai damina ɗaya ta zo ta kwashe komai. Da ma mijina ya samu aiki a jami'ar da ke Gashuwa, yana tafiya yana dawowa ƙarshen mako. Ruwan farko bai daɗe da sauka ba Kaka ta kwanta zazzaɓi, ba ta jima ba ta rasu. Ni kuma a lokacin cikina ya tsufa. Da aka share makoki mijina ya ce ba zai bar mu a Nguru ba, ya kama haya a Gashuwa, muka kwashe kaya. Ba mu gama kwance ɗaurin kwanuka ba na haihu, namiji. Inna ta taso daga ƙauye don ta yi min wankan jego. Wato yarinyar da ba ta san wani ɗakin kwana ba sai na Kaka, ta rasa Kaka, ta rasa gida, ta rasa abokan tserenta da akuyarta, sannan aka kawo mata wani abu mai tsala ihu aka ce ƙaninta ne, da wata tsohuwa mai ƙamshin man shanu aka ce ita ma kaka ce.

Ba mu ɓoye mata mutuwar ba. Babanta ne ya ɗora ta a cinya ya ce Kaka ta koma ga Allah, ba za ta dawo ba, sai dai mu riƙa yi mata addu'a. Ta ce, "To." Ba ta yi kuka ba, har masu zuwa gaisuwa suna yaba mata da dauriya.

Gidan hayar ƙarami ne, ɗaki biyu da baranda, tsakar gida ta siminti, famfo a can kusurwa kusa da banɗaki. Ranar da muka iso babanta ya shimfiɗa mata tabarmar Kaka a baranda, jikin bango, ya zaunar da ita don kada masu shigo da kaya su bangaje ta. Nan ta zauna. Washegari ma nan. Mu da bakinmu kuma muka ƙara kafa ta a wurin. Safe da yamma Inna tana dafa ruwan wanka a babbar tukunya a tsakiyar gidan, ga itace, ga garwashi, ga ruwa yana tafarfasa da ganyen darbejiya, kowa ya gifta sai ya ce mata, "Zauna nan, akwai wuta." Don muna sonta muke faɗa, kuma ta ji maganarmu.

Da farko ban damu ba, na ce baƙunta ce, za ta ware. Ni ma ina fama da kaina, ga ruwan zafi, ga kunun kanwa da Inna take ɗura min kamar mai kiwon saniyar sayarwa, ga jariri da bai san dare da rana ba. Amma mako ya bi mako, yarinyar da take tsere da awaki ta zama ba ta tashi sai an ɗaga ta. Fitsari ya kama ta ba za ta faɗa ba, sai dai a ga tabarma ta jiƙe. Abinci loma biyu ta ture. Ta daina waƙe-waƙenta. Wuni take a zaune, gwiwoyi a ƙirji, tana ɗan kaɗa jiki gaba da baya, kunnenta a karkace kamar mai jiran sallama. Wuyanta ya yi siriri. Wata safiya na tsayar da ita zan sa mata riga, sai na ji ƙafafunta suna rawa kamar na wanda ya tashi daga doguwar jinya. Ranar na ji tsoro ƙwarai. Ido dai Allah bai ba ta ba, mun karɓa. Ƙafar da ya ba ta kuma ga ta tana neman mutuwa a gabanmu.

Kowa ya kawo dabararsa. Babanta mutum ne mai taushin zuciya da gajen haƙuri, maganinsa ɗaya ne, ɗauka. Yana dawowa daga aiki sai ya saɓa ta a kafaɗa, ya kai ta banɗaki, ya kai ta shago ya saya mata biskit, ya dawo ya dire ta a tabarma. Na ce, "Malam, haka za ka yi ta ɗaukarta har ranar aurenta?" Ya ce in ta kama zai ɗauka, har gidan mijin. Shi ne kuma ya sayo igiya ya ɗaura daga ginshiƙin baranda zuwa ƙofar banɗaki, wai wani abokin aikinsa ya ce haka ake yi. Ya kama hannunta ya ɗora a kai. Ta shafa, ta ce, "Ta shanya ce?" Ta janye hannunta. Ta shanyar kuwa ta zama, muka riƙa baza zannuwan jariri a kai.

Inna ta ce kewar mamaci ce, ta sa aka karɓo rubutu, ta kuma dama mata fura da nono mai kyau. Yarinyar ta sha rubutun ta bar furar, abin da Inna ta ɗauka cin fuska ne ga Fulani baki ɗaya. Maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Bade mai soya kifi, ta turo 'ya'yanta mata su yi wasa da ita. Suka zauna, suka kalle ta, suka kalli juna, can suka sulale.

Ni kuma ragowar turaren Kaka na tuna, wanda na taho da shi a wata ƙaramar kwalba. Na sa a kasko na ajiye a baranda. Wannan kaɗai ya motsa ta. Ta ɗago kai, ta buɗe hanci, fuskarta ta washe, ta miƙar da ƙafafu kamar mai shirin tashi, ta juya kunne tana jira. Ta jira har hayaƙin ya mutu. Sai ta kifa kai a gwiwa. Na ji kamar na yaudare ta, ban ƙara kunna shi ba.

Kira kuwa ina yi. "Ke, taso ki ci abinci." "Ke, zo ki taɓa ƙaninki." Ko motsi. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Wai ba da ke nake ba?" Ta ce a hankali, "Da wa?" Na ɗauka taurin kai ne irin na dangin ubanta, na yi tsaki na kai mata kwanon.

Shi kuwa jaririn, ɗa na biyu, babu kunya a kansa. Tun ranar suna bakina ya buɗe, duk abin da na danne shekara da shekaru ya zubo masa. Ina kiran sunansa ina ja, ina lanƙwasa shi, ina sa shi a waƙa, a ɗaki da tsakar gida. Bangon da take jingina da shi kuwa bangon ɗakina ne, tagar a saman kanta take. Wata rana da hantsi ina yi mata kitso, Inna tana gefe tana tankaɗen garin kunu, sai ta ce, "Yaya, ke ce mamar jariri?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "To."

Na so in ce mata ita ma ni ce mamarta. Na dubi Inna, Inna tana duban rariyarta. Na haɗiye na ci gaba da kitso.

Da na gama wanka muka shirya yawon arba'in, zagayen nan da mai jego take yi ta kai wa dangi jariri su gani. Nguru muka fara. Ni da Inna da yaran biyu a motar haya, ruwa ya ɗauke, shinkafa ta yi kai a fadama. Yarinyar tana cinyar Inna, a lafe, har muka wuce Jajimaji. A tasha muka hau a-daidaita-sahu. Da ya hau kan tsohon layin dogo, tayoyinsa suka yi ƙaraf-ƙaraf, sai ta miƙe zaune ta ce, "Mun zo gida."

Na dire ta a zaure da niyyar in gyara goyo in ɗauke ta. Kafin in juyo ta wuce. Ƙafafun nan masu rawa suka shige gida, hannu ɗaya yana shafar bango. Ba gudu take ba kamar da, tana ɗan tangaɗi, amma ta kauce wa rijiya, ta tsallake kwata daidai inda take. Matan gida suka taso mana, "Wushe, wushe, lale da masu jego!" Aka kwance jariri daga bayana, wannan ta ce hancin ubansa, waccan ta ce Allah ya rufa asiri bai ɗauko siririyar ƙafar Fulani ba. Na bar su da shi na bi ta a hankali.

Ta tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, ta shafa kwaɗon da aka garƙama, ta wuce. Akuyarta take nema. Ashe bayan tafiyarmu ƙanin mijina ya kawar da turken, ya zube yashi da bulo zai yi gini. Ƙafarta tana taɓa yashi ta tsaya cak. Ta ja baya. Ta karkata kunne, irin karkatawar nan da na gaji da gani a Gashuwa. Sai na ji ta shaƙe murya irin ta tsofaffi, da Hausar Kaka sak:

"Tsaya nan, kar ka motsa. Bari in duba hanya."

Ta yi shiru kaɗan, kamar mai ba wani lokaci ya je ya dawo.

"To, na duba. Babu wuta, babu rami. Wance, zo ka same ni."

Ba "wance" ta ce ba. Sunanta ta kira cikakke, har da jan nan da Kaka take yi masa a ƙarshe. Ni ce har yau hannuna bai saba rubuta shi ba.

Sai ta amsa da muryarta, "Na'am, Kaka." Ta ɗaga ƙafa. Ta riƙe ta a sama, tana rawa. Sai ta mayar da ita inda take. Ta san ita ta yi kiran, ta san babu wanda ya je ya duba mata komai. Ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa, da dukan ƙarfinta, tana cewa, "Ba ta duba ba. Kaka ba ta duba ba."

Ban san lokacin da na sungume ta ba. A gaban kowa na zauna a ƙasa na ɗora ta a cinya na rungume, ina jijjiga ta kamar jaririya. Faccalata, matar wan mijina, ta tsuguna kusa da ni tana share ido da gefen zane. Ta ce, "Ayya, ke kina makaranta ba ki gani ba. Ai haka marigayiya ta koya mata gidan nan, lungu-lungu. Saboda rijiya ta kafa mata doka, duk inda ba ta sani ba kada ta taka sai ta ji sunanta. Ita za ta yi gaba ta kawar da abin da ke hanya, ta tsaya ta kira. Ko gidan biki suka je haka suke yi, mutane suna dariya." Na ɗaga kai na ga Inna a tsaye a bayanmu da buta a hannu. Alwala za ta yi, ta ga komai.

Muka kama hanyar dawowa. Yarinyar ta yi barci a jikina, Inna ta riƙe jariri tana kallon taga. Ni kuwa lissafi nake ta yi a zuci. Duk makonnin nan biyayya take yi. An ce mata ta zauna akwai wuta, ta zauna, tana jiran a duba mata hanya a kira ta. Gidan kuma da mai ɗaukarta, da masu ce mata "ke", babu mai kira.

Na gaya wa babanta. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Da safe kafin ya fita ya je bakin famfo ya tsaya, ya gyara murya, ya kira sunanta da ƙarfi. Ta juyo da fuska wajensa, ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Baba, zo ka ɗauke ni." Ya dube ni, na dube shi. Ya je ya ɗauke ta.

Saura ni. Na san abin da ya kamata, sai dai sanin bai buɗe min baki ba. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce, suna ne fa, ki kira mana. Ba haka abin yake ba. Ji nake kamar an ce in fita titi ba ɗankwali. Na gwada a kicin ina daka, in saki sunan tare da faɗuwar taɓarya don ƙarar ta rufe shi. Na gwada a banɗaki ruwa yana zuba. Farkonsa yake fita, sauran ya maƙale. Malama guda, mai tsawata wa aji, ga ni ina gumi a gaban turmi. Daga ƙarshe na ce wa kaina bari dai Inna ta koma ƙauye tukun, ba zan iya a gabanta ba. Yarinyar kuma tun da muka dawo ta koma tabarmarta, cin abincin ma ya ƙara raguwa.

Ranar da Inna za ta tafi, ta riga ta ɗaure kayanta tun da safe. Ina ɗaki ina shayar da jariri sai na ji shara. Na leƙa ta taga. Inna, mai kukan ciwon baya kullum, ta kawar da duwatsun murhun wanka, ta kwashe toka, ta kife babbar tukunya a jikin bango. Ta mirgina turmi ta jingine. Ta kwance igiyar shanya ta naɗe. Ta tsince butoci da takalma da guntayen itace. Ta share tsakar gidan nan tas, ta dawo ta sake sharewa, har tana shafa simintin da tafin ƙafa ko akwai tsakuwa. Sannan ta shigo ta karɓi jariri daga hannuna ba ta dube ni ba, ta fita ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ba tsakar gida rabin baya.

Ni da Inna Fillanci muke yi, Hausa sai da baƙo. Amma ranar da Hausa ta yi magana, kuma ba da kowa ba, kamar mai gaya wa bango:

"Na kashe wuta. Babu komai a hanya."

Na fito. Na tsuguna a gaban tabarma na ce, "Tsaya nan, kar ki motsa. Bari in duba hanya."

Kaɗa jikin da take yi ya tsaya.

Na tashi na nufi famfo, ina jan silifas da gangan don ta ji inda na bi. Na tsaya na juyo. Daga nan sai na ga ƙanƙantarta, da yadda rigar ta yi mata yawa. Na ce, "Na duba. Babu wuta, babu rami." Na buɗe baki, sunan ya fito, amma ko ni da ƙyar na ji shi.

Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ba ta juyo ba ta ce, "Ke, ɗaga murya. Ba ta ji ba."

Na rufe ido na kira da muryar aji. Na ji sunan ya bugi bango ya dawo min, na ji maƙwabciya ta tsayar da cokalin suyarta. Ban taɓa jin sa a bakina ba sai ranar, ashe suna ne mai daɗin faɗa.

Sai ta dafa bango ta miƙe. Ta tsaya tana rawa. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na'am." Ta zuro ƙafa ɗaya daga tabarma ta taɓa siminti, ta shafa shi da yatsu, ta zuro ɗayar. Ta sauko daga baranda da baya-baya, ta juyo, ta miƙo hannuwa ta fara takowa. A tsakiya ta ɗan karkace ta nufi wajen kicin, na sake kira, ta gyara. Wannan karon ban rufe ido ba. Jikina duk yana so in ruga in tare ta, na danne ƙafafuna a inda suke, ina kira tana tahowa, har ta ci karo da gwiwoyina.

Na durƙusa. Ta ɗora hannuwanta a fuskata kamar yadda take yi wa Kaka, ta shafa goshi, ta shafa kumatu ta ji su a jiƙe, ta tsaya a kan leɓɓana. Ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana."

Na ce, "Na san shi tun kafin a faɗa wa mutane. Ni na haife ki."

Ta juya maganar a ranta, yatsunta suna nan a bakina.

"Ni da jariri?"

"Ku duka biyu. Ke ce ma ta fari."

Na ji Inna ta ja hanci a bayan mayafi, ta hau jijjiga jaririn da ba kuka yake ba. Yarinyar ta sauke hannuwanta, ta gyara tsayuwa, ta karkata kunne wajen da ƙamshin ɗumame yake fitowa.

Ta ce, "To, je ki duba min hanyar kicin."

Na share fuska da gefen zane, na tashi na tafi dubawa.